Na ci kuɗin abokina da ya rasu, Mama, ko Allah ya riga ya yanke min hukunci?

Saƙon nan ya shigo min daren Laraba, sau uku na karanta shi kafin in kwanta. Na cire sunaye da sunan ƙauye kamar yadda ya roƙa, na kuma rage masa tsawo.

"Mama barka da aiki. Ni ɗan Filato ne, shekarata 34, ina gadi a wani gida a Lekki, iyalina suna Agege. Akwai abokina da muka taso tare muka zo Legas tare, shi yana dako a kasuwar Mile 12. Yana ba ni ajiyar kuɗi kaɗan kaɗan dan ba shi da akawun, har suka kai dubu 400, yana so ya sayi mashin. A 2021 ya tafi gida yayi hatsari a hanya ya rasu. Ba wanda ya san da kuɗin nan sai ni da shi da Allah. Naje jana'iza naga matarsa da yara uku, bakina ya kasa buɗewa. Na dawo na sayi mashin da kuɗin na fara okada, ina cewa in na samu zan mayar. 2022 aka kama mashin ɗin ban sake ganinsa ba. 'Yata da aka haifa 2019 kullum muna asibiti da sikila, matata kuma tayi ɓari bara. Wani ya kai ni wajen wani annabi a addu'ar dare, yana ganina yace akwai abinda na ɓoye, hukuncin Allah na kan gidana, da na faɗa masa sai yace nayi saɓon Ruhu Mai Tsarki tunda naci jibin Ubangiji da wannan abu a cikina, sai na kawo dubu 150 a karya la'anar in ba haka ba yarinyar zata tafi. Na tara dubu 90. Shekara biyu kenan ban ci jibin Ubangiji ba, ina mafarkin wuta, wani lokaci in mota ta hau gadar Third Mainland sai inji kamar in sauka in huta. Matar abokina har yanzu tana kirana duk Kirsimeti tana min godiya wai nine abokin mijinta na ƙwarai. Mama Allah ya riga ya yanke min hukunci ne? Akwai sauran ceto ga irina?"

Ɗana sannu. Sannu da ɗaukar wannan kaya kai kaɗai tun 2021.

Bari in fara da maganar gada dan ita ce ta hana ni barci. Daga yau kar ka sake riƙe wannan tunani a cikinka kai kaɗai, ka faɗa wa matarka ko wani ɗan'uwa da ka yarda da shi, yau ɗin nan ba gobe ba. In kaji abin ya taso maka da ƙarfi ka kira 112 ko 767, layin gaggawa ne a nan Legas. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba kuma ba na masu taɓin hankali kaɗai bane yadda mutanenmu ke ɗauka, mai rashin barci da mai damuwar da ta ƙi sauka duk suna zuwa ana duba su, zuwa wurin likita bai rage maka bangaskiya da komai ba. Muryar da ke ce maka ka sauka ka huta ba muryar Allah bace, a Ezekiyel 33:11 ya rantse da kansa cewa baya jin daɗin mutuwar mugu, abinda yake so mugun ya juyo ya rayu. In ka tafi yau marayu uku sun zama marayu da yawa, kuma kuɗin nan har abada ba mai mayarwa.

Toh yanzu maganar kuɗin. Bazan yi maka rufa-rufa ba dan ba shi ka zo nema ba. Abinda kayi zunubi ne, cin amana ne, kuma amanar mamaci. Tun ranar da abokinka ya rufe ido kuɗin nan suka zama na matarsa da 'ya'yansa, kuma Allah baya wasa da haƙƙin gwauruwa da maraya, Fitowa 22:22-23 yace kar a cuce su, in suka yi kuka gare shi lalle zai ji. Zuciyarka da ke damunka bata yi ƙarya ba. Inda ka ɓata hanya shi ne da ka ɗauki duk wata masifa da ta faɗo gidanka ka jera su kace ga takardar hukuncina, sai kuma wani ya zo ya buga maka hatimi a kai yasa mata farashi.

Mu ɗauke su ɗaya ɗaya. Mashin. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana okada a ƙananan hukumomi shida, Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba aka ƙara da su Mushin da Oshodi. Mashina dubbai aka kama aka murƙushe. A cikinsu akwai na wanda ya sayar da gonar gado ya saya, akwai na wanda yayi adashe shekara uku da guminsa, akwai na Musulmi akwai na Kirista, ni kaina nasan yaran cocinmu da suka koma gida da 'yar jaka a hannu basu taɓa cin kobon kowa ba. Su kuma hukuncin me aka yi musu?

Yarinya kuma, nan ne raina ya fi ɓaci da mutumin nan. Sikila gadon jini ce. In uba AS ne uwa ma AS ce, kowane ciki da aka ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya fito SS wato mai sikila, kuma abin ya riga ya tabbata tun ranar da cikin ya shiga. Kai da bakinka kace 2019 aka haife ta. Lokacin abokinka na raye lafiya lau yana ɗaukar kwandon tumatir a Mile 12, baka taɓa ko naira ɗaya ba. Ta yaya zunubin 2021 zai koma baya ya shiga jinin yarinyar da aka haifa 2019? Almajirai sun taɓa yi wa Yesu irin wannan tambaya kan mutumin da aka haifa makaho, Yohanna sura 9, wa yayi zunubi, shi ko iyayensa, yace ba shi ba, ba iyayensa ba. Ezekiyel 18:20 ma ya faɗa ɓaro-ɓaro, ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Dan Allah ka daina kallon 'yarka kana ganin bulala, yara suna gane irin wannan kallo ko ba a faɗa musu ba. Ka kai ta inda suka san ciwon, akwai cibiyar masu sikila a Idi-Araba daura da asibitin koyarwa na LUTH, ta riƙa shan ruwa da yawa, ta kwana cikin gidan sauro, a kiyaye ta da sanyi, ta sha magungunanta kan lokaci. Ɓarin maman ta kuwa, ka tambayi matan zumunta a hankali kaji nawa ne a cikinsu suka taɓa yi, mata masu tsoron Allah, kawai ba a cika faɗa bane. Ita ma ta ga likita kafin wani cikin.

Ni ina garin nan ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002 da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama da wuta, muna zaune wajen Oshodi lokacin. Bama-bamai na tashi, kowa na gudu bai san ina zashi ba, mutane suka riƙa faɗawa cikin ruwan Oke-Afa dan ciyawa ta rufe shi sun ɗauka ƙasa ce, sama da mutum dubu suka mutu kuma da yawansu yara ne. Akwai wata 'yar ajina ta makarantar Lahadi a ciki, da safe mun yi haddar aya tare. Bayan kwana kaɗan na fara jin wasu na cewa ai hukunci ne, Legas ta cika zunubi. Na tsaya gaban uwar yarinyar nan na rasa ta cewa, na koma gida na buɗe Luka 13, tun ranar ban sake barin kowa ya faɗi wannan magana a gabana ba. A wurin an kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiya ta faɗo wa a Siluwam, ya tambaye su kuna tsammani sun fi sauran mutane laifi ne? Yace a'a. Haka benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe sama da mutum 40, galibi leburori masu neman na abinci, basu fi waɗanda suka makara zuwa aiki ranar zunubi ba. Abokan Ayuba kwana da kwanaki suna lissafa masa cewa wahalarsa sakamakon laifinsa ce, daga ƙarshe su Allah ya tsawata wa yace basu faɗi gaskiya game da shi ba. Marubucin Zabura 73 kuma nasa kukan shi ne yana ganin mugaye suna ƙiba ba abinda ke samunsu. In da masifa ce ma'aunin hukunci da manyan ɓarayin ƙasar nan basu kai labari ba.

Amma ka lura Yesu bai tsaya a "a'a" ba, ya ƙara da cewa in baku tuba ba dukanku zaku hallaka. Wato ka daina karanta hukunci a jikin hatsari, ka dubi zuciyarka. In kana neman inda hannun Allah yake a labarinka, ni inda na gan shi shi ne wannan rashin barcin. Dawuda yace a Zabura 32 lokacin da yayi shiru ƙasusuwansa suka lalace, dare da rana hannun Allah yayi masa nauyi. Wannan shi ake ce wa horo, kuma Ibraniyawa 12:6 tace wanda Ubangiji ke ƙauna shi yake horo. Uba baya ɓata lokacinsa kan ɗan da ya sallama. Mutumin da Allah ya rabu da shi yana cin kuɗin maraya yayi barci har da minshari, Romawa sura 1 sau uku tana cewa Allah ya sallama su ga son zuciyarsu, wannan ne abin tsoro. Kai kam ba a sallama ka ba, shekara da shekaru ana ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Shi kuma annabin. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu baya jimirin as. A tara mutum ɗari a ɗaki ƙarfe biyun dare, kowa da ciwonsa, a nuna ɗaya ace akwai abinda ka ɓoye, waye zai ce ba shi ba? Kai ka ba shi labarin da bakinka sannan ya ɗora. Tambaya ɗaya zan maka, da ya gama jin labarin ya ce maka kaje ka mayar wa matar nan kuɗinta? Bai ce ba. Ya ji akwai gwauruwa da marayu uku da aka cinye wa dubu 400, abinda ya fara zuwa ransa shi ne nasa dubu 150. Annabi Natan da ya je wurin Dawuda bayan Dawuda ya sa an kashe Uriya ya ɗauke matarsa bai karɓi ko akuya ba, ya faɗa masa kai ne mutumin, Dawuda yace nayi zunubi, nan take Natan yace Ubangiji ya kawar da zunubinka. A Samariya wani Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi yana neman ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus yace kuɗinka su hallaka tare da kai tunda kana zaton baiwar Allah da kuɗi ake sayenta, Ayyukan Manzanni 8:20 kenan. Cinikin nan ba yau aka fara ba. A 1517 a Jamus wani mai wa'azi Johann Tetzel yana yawo da takardun sassaucin horon zunubi ana saye da kuɗi, shi ne ya sa Martin Luther ya rubuta batutuwansa 95 a Wittenberg, kuma daga baya cocin Katolika da kanta ta hana haɗa wannan abu da kuɗi a 1567. Shekara ɗari biyar kenan, yau an canza masa suna an koma cewa kuɗin karya la'ana, kuma talaka mai tsoro shi ne kasuwar. Kar ka koma wurinsa, kar ka ɗaga wayarsa. In ya tsorata ka da ran yarinya, ran yarinya ba a hannunsa yake ba.

Maganar saɓon Ruhu Mai Tsarki ma ya karkatar da ita. Ka buɗe Markus 3 daga aya 22 zuwa 30 ka karanta da idonka. Malaman Attaura ne suka zo daga Urushalima, suna ganin Yesu na fitar da aljanu ido da ido, suka ce da ikon Ba'alzabul sarkin aljanu yake yi. Markus da kansa ya faɗi dalilin maganar a aya 30, dan sun ce yana da baƙin aljan. Mutum ne ya ga haske sarai ya kira shi duhu da gangan ya kafe a kai, baya neman gafara dan baya ganin yana bukata. Ina ruwan wannan da mutumin da ke kuka cikin ɗakin gadi yana tambaya ko akwai sauran ceto? Ai wanda ke sa ka wannan kukan Ruhun ne da kansa. Kuma aya 28 da mutane ke tsallakewa cewa tayi za a gafarta wa 'yan adam dukan zunubansu. Cin jibi da zunubi a ɓoye kuskure ne babba, Bulus ya ja kunne a kai a 1 Korantiyawa 11, amma maganin da ya bayar shi ne mutum ya gwada kansa sannan ya ci, bai ce ya gudu daga teburin har abada ba.

Yanzu tambayarka ta gaske, shin akwai hukunci? Akwai ɗana, bazan rage masa nauyi ba. Ibraniyawa 9:27 tace an ƙaddara wa mutum mutuwa sau ɗaya, bayan nan sai shari'a. Ru'ya ta Yohanna sura 20 ta nuna babban farin kursiyi, matattu manya da ƙanana a tsaye, an buɗe littattafai. A wannan kotun ba lauya mai wayo, ba a ɗage zama, fayil baya ɓata, dubu 400 ɗin nan a rubuce suke, nawa laifin ma a rubuce yake. Kuma ni ina godiya da akwai ranar nan, dan in babu ita duk gwauruwar da aka cuta a duniya ta tafi a banza kenan. Sai dai mutane suna haddace aya 27 su rufe littafin, alhali maganar bata ƙare ba, aya 28 ta ci gaba tace haka ma Almasihu aka miƙa shi sau ɗaya domin ya ɗauke zunuban mutane da yawa. Nan ne duk bangaskiyarmu ta tsaya. Allah bai share laifi ta hanyar kau da kai kamar bai gani ba, in yayi haka ba alƙali mai adalci bane. Hukuncin an yanke shi, an kuma zartar da shi, amma a kan gicciye ya sauka, kan wanda bai san zunubi ba. Shi yasa Romawa 8:1 ke cewa yanzu babu sauran hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu, shi yasa Yesu yace a Yohanna 5:24 wanda ya ji maganarsa ya gaskata wanda ya aiko shi ba zai shiga hukunci ba, ya riga ya ƙetare daga mutuwa zuwa rai. Ka lura da "ya riga".

Abinda nake gani a saƙonka shi ne shekara biyu kana ƙoƙarin biyan Allah da wahala. Ka hana kanka jibi, ka hana kanka barci, kana tara kuɗi da yunwa, kamar in ka sha wuya isasshiya za a rage maka. Ba a rage wa kowa ta haka. Afisawa 2:8-9 tace ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, ba ƙoƙarinku bane, kyautar Allah ce. Ka tuna ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, Luka 23. Hannuwansa a kafe suke, ko kobo baya iya mayar wa waɗanda ya cuta, ba baftisma ba baiko ba komai, abinda ya iya kawai ya amsa laifinsa yace mu kam daidai aka yi mana, sannan yace Yesu ka tuna da ni. Amsar da ya samu ita ce yau zaka kasance tare da ni a Firdausi. Nasan ikilisiyoyi sun sha bamban kan ko mai bi na iya rasa cetonsa, na sha jin fastoci suna ja-in-ja a kai, amma wannan ba shi ne matsalarka a daren yau ba, dan dukansu sun yarda da abu ɗaya, wanda ya juyo ana karɓarsa. Yohanna 6:37, wanda ya zo gare ni bazan kore shi ba ko kaɗan. 1 Yohanna 1:9, in muka furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci kuma, zai gafarta mana. Ba sai kaje dutsen addu'a ba, ba sai an zuba maka mai a ka ba. Cikin ɗakin gadin nan ka durƙusa ka kira abin da sunansa, kar kace "kuskure" kar kace "rance", kace na ci amanar abokina na cuci marayunsa, ka roƙi gafara cikin sunan Yesu, ka tashi ka gaskata abinda ya faɗa ko zuciyarka bata ji wani sanyi nan take ba.

Toh amma kar ka rufe nan kace Mama tace shikenan. Ɓarawon gicciye hannunsa a kafe yake, naka a sake yake. Allah ya yafe nasa, haƙƙin matar nan yana nan, kuma abin mamaki Littafi Mai Tsarki yayi maganar irin naka daidai. Littafin Firistoci 6:1-5, in mutum ya yaudari maƙwabcinsa kan ajiyar da aka ba shi, sai ya mayar da abin cif ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai ya ba mai shi. A lissafinka dubu 480 kenan. Bana cewa dokar Musa ta ɗaure ka, ina nuna maka zuciyar Allah ne kan amana. Kuma kai ma ka san yadda naira ta zube tun 2023, kuɗin da suka sayi sabon mashin a 2021 yau ko rabinsa basa saye, dan haka in Allah ya buɗa maka ka wuce 480 ɗin. Zakka mai karɓar haraji a Yariko cewa yayi duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu, kuma ka duba yadda abin ya jeru a Luka 19, Yesu ne ya fara kiransa ya sauka a gidansa, sannan hannunsa ya buɗe. Ba biyan ne ya sayo masa Yesu ba, zuwan Yesu ne ya sa ya kasa riƙe kuɗin mutane. Shi yasa nake so ka fara da durƙuson. Yahuza ma ai ya mayar da azurfa talatin ɗin, ya watsar da su a haikali, amma bai koma wurin Ubangijinsa ba, baƙin ciki ya cinye shi. Bitrus da ya yi musun Yesu sau uku yayi kuka mai zafi ya tsaya cikin 'yan'uwa har aka maido shi. Hanyar Bitrus nake so ka bi.

Ga yadda zan so kayi. Matarka zaka fara faɗa wa, ita ke kwana da mutumin da baya barci bata san dalili ba, ƙila ma tana zargin kanta. Zata ji zafi, ka bari ta ji. Sannan kaje wurin faston cocinku na sashen Hausa, wanda ya san ka ya san gidanku, kai da dattijo ɗaya mai riƙe sirri. In suka ce zasu sa ka a horo na ɗan lokaci ka karɓa da hannu biyu, zaman bencin baya na wata uku ya fi zaman da kake yi yanzu sauƙi, kuma ƙarshensa teburin Ubangiji ne. Bayan nan ka nemi hutun kwana huɗu wurin maigidanka ka hau mota zuwa Filato. Kar ka tura mata kuɗi a ɓoye ta ji alat kawai bata san daga ina ba, wannan guje wa kunya ne, kuma ita ta cancanci ta san mijinta ya mutu yana tanadi dominta da yaransa, wannan labarin kaɗai wani gado ne da ka riƙe mata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kaje da dattijo, a zauna gaban fastonta, ka faɗi adadin da bakinka, a rubuta, ka faɗi nawa zaka iya duk wata ko dubu 10 ne, abinda ba zai hana yarinya magani ba, ka kuma riƙe alkawarin. Kuɗin su shiga hannunta ko akawun mai sunanta, dan mun san yadda wani lokaci dangin miji kan taso in sun ji ƙamshin kuɗin mamaci, shi yasa nace a yi gaban shaidu.

Kar ka tafi da tsammanin zata rungume ka. Tana iya kuka, tana iya zaginka, tana iya tuna ranar da aka koro yaro daga makaranta saboda kuɗin da ke hannunka, tana iya cewa bata son ganinka. Haƙƙinta ne, kar ka matsa mata da "ki yafe min dan Allah" a zaman farko, kar kuma ka bari dattawa su matsa mata. Ka faɗi gaskiya, ka ajiye abinda ka kawo, ka ba ta lokaci. Gafarar Allah gare ka bata rataye a bakinta ba, amma sai ka bi ta da haƙuri komai daɗewa.

Dubu 90 ɗin nan da ka tara, Matiyu 5:23-24 tace in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan ka fara zuwa ku shirya. Kuɗin nan ba na annabi bane, ba ma na coci bane, na yara uku ne da ke ƙauye. Ka cire kuɗin mota, sauran su zama biyan farko. Kar ka jira ta kira ka Kirsimeti ta sake maka godiya, kai ka riga ta.

Ni da matan da muke addu'a tare ranar Alhamis zamu riƙe ka ba tare da faɗin suna ba. Ka rubuto min in ka dawo daga tafiyar, ka kuma gaya min yadda jikin yarinya yake. Ka gaishe min da maman ta.